Mabuɗin da Na Hana Alhaji Mode

Duk shekara, idan makarantu suka saki ɗalibai koyon aiki, sai a turo mini wasu daga cikinku, kuma duk shekara tambayarku ɗaya ce. Ba ku tambayar yadda ake jan waya a jikin gini, ko yadda ake lallashin batir ya kai la'asar. Da kun zauna kun sha ruwa sai ku ce, "Malam, yaushe za a ba mu adimin?" Na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar, wanda ya zo in miƙa masa, bakina ya huta.

Saboda wanda ba ɗan hannu ba, adimin shi ne izinin da ya fi kowane izini a cikin kwamfutocin ma'aikata. Mai shi yana iya sa manhaja ya kuma cire, ya buɗe wa wannan ƙofa ya rufe wa wancan, ya gyara abin da aka riga aka rubuta, ya goge abin da ba ya so a gani. A wurinmu babban mabuɗi muke ce masa, kuma ni ke riƙe da shi a wani kamfanin 'yan'uwa a nan Illela, masu jigilar albasa da wake da barkono zuwa kudu da ƙetaren iyaka. Shekaruna hamsin, kusan rabinsu a wannan sana'a suka tafi. Ku a ganinku aikin zama ne a ɗaki mai fanka ana danne-danne. Akwai fanka, ban musa ba. Amma ba don dannawa aka ajiye ni ba. An ajiye ni ne don in hana, in kuma san yadda zan hana mutum yau, gobe mu tsaya sahu ɗaya a masallaci.

Aikin farko da aka ba ni bayan na fito jami'a shi ne ɗaukar tsani. Na je Sakkwato wurin wani mutumin kudancin Kaduna da ake kira Oga Yohanna, wanda ke haɗa wa ofisoshi kwamfutoci, na miƙa masa takardar digirina a cikin leda. Ya karanta ta har ƙasa, ya yaba, ya mayar mini, sannan ya nuna mini tsani a jingine. Na daɗe ina bin sa da shi daga ofis zuwa ofis, ina jan waya ta cikin rufi, inda jemagu suka riga mu kama wuri. A hannunsa na koyi matse kan waya da filaya har ta kama, na koyi sauraron kukan inji in gane ko fanka ce ta gaji ko ma'ajiyar bayanai ce ke shirin mutuwa. Ranar da na ga na isa, sai na nemi ya ba ni babban mabuɗin wani ofishi da muke kula da shi.

"Me za ka yi da shi?" in ji shi.

Na ce aiki.

"Wane aiki?"

Na ce firinta zan haɗa.

"To izinin haɗa firinta kake nema. Wanda ya zo aron guga ba a ba shi rijiya."

Ya buɗe mini wannan ƙofa ɗaya, na haɗa firinta, ya mayar ya rufe. Na ji haushi a lokacin, amma wannan tambaya tasa ita ce gadon da na ci a wurinsa. Shi kansa ma da ƙaramin mabuɗi yake aikin yau da kullum kamar kowane magatakarda, ba ya ɗauko babban sai buƙata ta kama, kuma da ya gama sai ya mayar. Yakan ce ko mahauci ba ya zuwa ɗaurin aure da wuƙa a hannu.

Da na dawo gida Illela na kama wannan aiki, kayana ba su wuce jaka ɗaya ba, har yau ma ba su wuce ba: filaya, da sukudireba, da na'urar gwajin waya, da filas ɗin ajiye bayanai da ba na ara wa kowa. Sauran na gidan ne, wato babban injin da ke ajiye komai, wanda ake kira saba, da farantan sola, da inbata, da wani janareta da ya girme wasunku. Intanet ɗinmu kuma ɗan iyaka ne kamar mu. Da safe yana Najeriya, idan rana ta take sai ya ƙetare ya kamo sabis ɗin Nijar, waya ta yi maka maraba da Faransanci alhali kana zaune a kujerarka. Na taɓa yini ina neman laifin saba, ashe na'urar intanet ce ta tafi Ƙonni a ƙetaren iyaka ba ta sallame ni ba. Duk wannan ana koyonsa, kuma ku da saurin hannunku za ku riga ni. Inji ba ya jin haushi, ba ya kai ƙara, ba shi da ƙanen uba. Mutane su ne aikin.

Ku ɗauki misalin Malam Nasiru, magatakardan da ke zaune a bakin sikeli yana shigar da buhunan da aka kawo. Bai taɓa neman babban mabuɗi a ofis ba. A wurin ta'aziyya ya fara, bayan an shafa addu'a, ya matso ya ce akwai wata 'yar magana. Na ce a bari a tashi. Ya tare ni a ƙofar masallaci. Da ya ga abin bai ci ba, sai matarsa ta aika wa tawa da busasshen kifin tafkin Kalmalo, mai kyau kuwa, irin wanda ba a mayarwa. Muka ci kifin, na sa aka kai musu zuma don kada kifin ya zama hujja, sannan na same shi a bakin sikeli na yi masa tambayar Oga Yohanna. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta fito cewa wasan ƙwallo yake so ya sa a kwamfutar, saboda tsakanin mota da mota zaman yana da tsawo. Na ce zaman yana da tsawo, gaskiya ne, amma wasan da ake kwasowa a filas ɗin kasuwa ba ya zuwa shi kaɗai, da cuta yake tafe, injinsa kuma a haɗe yake da saba. Na taimaka masa ya sa wasan a wayarsa. Har yau muna gaisawa da fara'a, kifi ne dai bai sake zuwa ba.

Kada ku ɗauka duk mai nema ɗan wasa ne. Malama Hadiza, wadda ke buga takardun direbobi, ta nemi mabuɗin a fili, a ofis, gaban kowa, kuma tana da hujja. Direbobinmu wasu 'yan nan ne, wasu 'yan ƙetare, sai a rubuta sunan mutum ɗaya da salon Ingilishi a wannan takarda, da salon Faransanci a waccan, jami'in kan hanya kuma ya ce mutum biyu ne, a sauko a yi bayani. Duk gyaran da za a yi sai ta jira ni, ni kuwa ina kan rufi ko ina sunkuye a jikin janareta. Ita ba mabuɗi take so ba, jira ne ya ishe ta. Na buɗe mata ƙofar gyaran suna kaɗai, ta daina nemana. Mafi yawan masu neman adimin haka suke: wani abu ne ya tsaya musu a hanya, ba su san sunansa ba, sai su kira sunan da suka sani. Wanda ya ce a'a ya juya baya rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya fi sauƙi.

A jami'a an koya mana cewa saboda ɓarayi ake tsare mabuɗi. A Illela na gane cewa mutumin kirki ya fi ɓarawo haɗari. Mu 'yan kasuwa ne jikokin 'yan kasuwa, an raine mu a kan cewa abin hannunka ba naka ba ne kai kaɗai. Babur ana ara, waya ana ara, kalmar sirri ma a ganinmu abin aro ce, kuma wanda ya hana ɗan'uwansa ita ya nuna bai yarda da shi ba ke nan. Wata safiya ina shan shayi a bakin ƙofa, mai shayin ya gan ni dafe da kai, ya zaci mantuwa ce ta same ni, sai ya sunkuyo ya ce, "Malam, in kalmar sirrin Nasiru ta ɓace maka, sunan ɗiyatai ta da lambar babur nai." Da zuciya ɗaya ya faɗa, taimakona yake yi. Wannan ƙaramin mabuɗi ne, na canza shi kafin shayin ya huce. Ku auna da babban ne ya kai teburin mai shayi.

Shekarar da ta fi gwada ni ita ce shekarar da aka rufe iyaka. Rufewar ta riski mafi yawan motocinmu a wancan gefe, suka maƙale can da direbobinsu, 'yan kaɗan da suka rage su ke kai kaya kudu su dawo. Aiki ya tsaya, aka rage ma'aikata, kuma duk wanda ya leƙo ɗakina ya gan ni zaune da inji muna kallon juna, sai in ga tambaya a fuskarsa. Da bazara ta zo albasa ta fito, buhuna suka cika filin gidan har bakin titi, ga zafi, albasa kuwa ba ta san haƙuri ba.

Dole in bayyana muku layi, don a kansa komai ya rataya. Gidan na 'yan'uwa biyu ne, Alhaji Babba da ƙanensa Alhaji Mode. Tun shekarun baya, bayan wata rigima da masu kaya, Alhaji Babba ya kafa doka: duk kayan da aka auna a sikeli, kwamfuta ce za ta ba shi matsayi a layi bisa lokacin zuwansa, ita ke fitar da takardar lodi, kuma babu direban da zai ɗora buhu ba tare da takardar ba. Ba mai iya ɗaga wani ya sa shi gaban wani sai mai babban mabuɗi. A shekarun yalwa ba wanda ya damu da layi, mota na bin mota. A wannan shekara kuwa, wanda ke gaba albasarsa ta isa kudu, wanda ke baya ya tsaya yana kallon tasa tana zubar da ruwa.

Alhaji Babba yana Sakkwato ana yi masa aikin ido lokacin da abin ya taso. Wani baƙo ya kawo wa Alhaji Mode filas da hotunan wasu motoci da ake sayarwa, ofis cike da mutane. Aka soka filas ɗin, kwamfuta ta ƙi, ta fito da ɗan rubutu. Cikin baƙin akwai mai boko, shi kuma maimakon ya rufa asiri sai ya fassara a tsanake, kowa na ji: wai ba ka da izini, ka nemi shugaba. Aka yi dariya irin ta manya, wadda ba ta da sauti. Aka aiko kirana.

"Malam Sahabi," in ji Alhaji Mode, "gidan ga na wa na?"

"Naku na, Alhaji."

"To mi yas sa injin da munka sayo ke ce mani in nemi shugaba? Wa as shugaban? Kai?"

"Ni mai gadi na, Alhaji. Ko ni haka yake ce mani in ban ɗauko mabuɗi ba."

"To ɗauko mani shi."

Na karɓi filas ɗin na duba lafiyarsa a ɗakina, na buɗe hotunan, baƙi suka gani suka tafi. Sannan na koma ni kaɗai, domin ba a yi wa babba tambaya gaban mutane.

"Alhaji, mi za ka yi da shi? In akwai aikin da yat tsaya maka, in buɗe maka shi yanzu."

"Ba abin da zan yi da shi. Mabuɗin sito ma da ag gare ni, yaushe rabona da buɗe sito? Cikin aljihuna nike son shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na fahimce shi. A gidan ɗan kasuwa, ranar da uba ya ciro mabuɗin sito ya miƙa wa ɗansa, ranar ɗan ya zama mutum. Ba don ya buɗe ake ba shi ba, don a san an yarda da shi ne. Tambayar Oga Yohanna, wadda ta fisshe ni a hannun mutane da yawa, ba ta da abin yi da mutumin da ba aiki yake nema ba, girma yake nema, girman kuma nasa ne tun asali.

Na ce masa gidan nasu ne, idan shi da Alhaji Babba suka haɗa baki suka ce in ba shi, ba zan yi jinkiri ba. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe hula a kasuwa. Ƙane ba ya zuwa ya tambayi wansa ko ya yarda da shi, domin tambayar kanta zargi ce. Na san ba zai buga ba, sai ni na buga wa Alhaji Babba. Na tambayi ido, ya tambayi iyali, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na kawo maganar. Ya ce, "Malam, Mode ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Kai kuma ka san aikinka. Allah shi yi muna jagora." Ya kashe waya.

Ku da kuka karanta dokokin tsaro a littafi, ku gaya mini a wane babi wannan amsa take. Ba i ba ce, ba a'a ba ce. Wan ba zai iya hana ƙanensa ba, ƙane ba zai iya roƙon wansa ba, sai suka ajiye maganar a kan teburina suka koma gefe.

Da na kai wa Alhaji Mode abin da aka ce, ya fassara shi da i, ni kuma na ce ban ji i a ciki ba. A nan ne ya yanke. "Ran Lahadi in an watse kasuwa, ko mabuɗi na hannuna, ko ɗakin ga na hannun wani. Akwai wani mutum Sakkwato da yas san inji, shina neman aiki." Wannan ba barazanar banza ba ce. A shekarar, masu sanin inji da ke neman aiki sun fi injinan yawa.

Na zauna na tuhumi kaina, domin mai riƙon mabuɗi yana da tasa cutar. Idan ya daɗe yana hanawa, hanawar takan fara yi masa daɗi, ya soma jin gidan nasa ne. Shi ya sa tun farko na saita inji ya riƙa ajiye bayanin duk abin da na taɓa da babban mabuɗi, don a iya bin sawuna kamar yadda nake bin na wasu. Duk da haka na tambayi kaina ko layin nake karewa, ko kuwa daɗin da nake ji idan manya suka tsaya a ƙofata suna sallama. Ban sami amsa mai tsabta ba, kuma ina shakkar duk wanda ya ce ya samu. Abin da na iya tabbatarwa shi ne halin Alhaji Mode. Ban san mai buɗaɗɗen hannu kamarsa ba. Motarsa ba ta wuni a ƙofar gidansa, kullum tana kai mai naƙuda asibiti ko tana ɗauko 'yan biki. Idan ka kira wayarsa, wani ne zai ɗauka ya ce bari a nemo shi. Ban taɓa jin a'a ta fita daga bakinsa zuwa ga wanda ya girme shi ba. Idan na ba shi mabuɗin da safe, kafin azahar rabin Illela na gaban layi, manoman Kalmalo da suka riga kowa kawo kaya kuma suna ƙarshe.

Labari ya bazu, masu ba da shawara suka yi yawa. Malam Nasiru ya kawo tasa, wadda na san wasunku ma sun riga sun kawo a ransu. "Malam, ka ba shi na ƙarya mana. Shi da yac ce aljihu zai sa, yaushe zai gwada?" Na ce shi ba zai gwada ba, amma wanda zai ara wa zai gwada, kuma ranar ba inji ne kaɗai zai kunyata shi ba, har da ni. Mutum yana yafe wanda ya hana shi, ba ya yafe wanda ya mayar da shi abin dariya. Ranar Asabar na ware filayata da sukudirebata daga kayan gidan, na zuba su a jaka.

Ranar Lahadi garin ya cika tun da hantsi, makiyaya sun koro dabbobi, masu amalanke na neman hanya, ba ka jin komai sai ciniki da kukan tumaki. Mota ɗaya ce ta dawo daga kudu, kuma bisa layi ta manoman Kalmalo ce, waɗanda suka daɗe a gindin buhunansu suna juya su suna bin inuwa. Bayan azahar aka yi sallama a ƙofata. Alhaji Mode ne, ba takalmi a ƙafarsa, kansa a sunkuye, a gabansa kuma wani dattijo mai sanda. Na gane shi, mahaifin uwargidan Alhaji ne daga Araba, wanda Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba sai dai ya ce Baba. Albasar dattijon ta iso a makare, tana can ƙarshen layi.

Na tashi na ba dattijo kujerata, Alhaji ya tsuguna a gefe. Muka gaisa.

"Ɗana," in ji dattijo, "an ce mani kai ad da injin da ke raba mota. Albasata ta fara hawaye. Na ce ma Mode shi sa ta gaba, yac ce mu taho wurinka."

Na jira umarni. Na riga na yanke abin da zan ce, na kuma san abin da zai biyo baya. Sai Alhaji, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce, "Malam, gaya ma Baba da bakinka. Mabuɗin ga, ina da shi ko ban da shi?"

"Ba ka da shi, Alhaji."

"Na roƙe ka ko ban roƙe ka ba?"

"Ka roƙa."

"Na ce zan kore ka ko ban ce ba?"

"Ka ce. Yau na ma."

"To Baba, kun ji da kunnenku."

Daga nan ya shiga yi mini faɗa. Amma gaban suruki ba a ɗaga murya, saboda haka faɗan ƙasa-ƙasa ya yi shi, a tsugune, yana kallon siminti, kamar mai jan carbi. Ya ce ni mutum ne marar kunya, boko ya cinye mini zuciya, ban san manya ba, ko albasar ubana ce haka zan yi. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, don haka na ce, "Haka na, Alhaji."

Dattijo ya ƙare mini kallo daga hula har ƙasa. "Kai ɗan wa na?"

Na faɗa masa.

"Na san kakanka. Shi ma ko jakinai ba ya badawa aro." Ya juya ga surukinsa. "Mode, bar shi hakanan. Allah ya haɗa ka da jarrabawa, ka yi haƙuri da shi. Ba laihinka na ba."

Saura rabin aikin da na gaya muku, wanda ya fi wuya. Na juya masa fuskar kwamfuta na nuna masa inda yake a layi da motocin da ke kan hanyar dawowa, don ya san jiran yana da iyaka. Sannan na tuna wa Alhaji rumfar kara da ke bayan sito, wadda iska ke ratsawa. Doka ta hana tsallake layi, ba ta hana inuwa ba. Na ce a zazzage buhunan a can, a ware masu ruwa kada su kama masu lafiya. Dattijo ya ce wannan ko akuyar gidansa ta sani, ba sai an je jami'a ba, amma ya yarda a yi. Ya dafa sanda ya miƙe, Alhaji ya bi bayansa don rakiya, har lokacin takalminsa na hannu.

Malam Nasiru ya fitar da takardar lodin mutanen Kalmalo, 'yan dako suka fara ɗora buhuna. Ni kuma na ɗora jakata a kan tebur na zauna jira. Har yau ban san lokacin da ran Alhaji Mode ya juya ba. Mai yiwuwa da gaske yake ranar da ya yanke mini wa'adi, sai da ya ji Baba na tafe sannan ya ga abin da mabuɗi a aljihu zai jawo masa. Mai yiwuwa kuma ya daɗe da sani. Ban tambaye shi ba, ba irin abin da ake tambaya ba ne.

Gab da la'asar ya dawo, wannan karon da takalminsa a ƙafa. Ya tsaya a taga yana kallon lodi.

"Alhaji," na ce, "kasuwa ta kusa watsewa. In mutumin Sakkwato na tahe, in jira in nuna mashi wuri."

"Wane mutum? Wancan in na harare shi sau guda zai miƙo mani mabuɗi da hannu biyu. Mi zan yi da shi?" Ya nuna jakar da haɓa. "Sauke abin ga, ka tare ma mutane tebur."

Na sauke. Ya kama hanyar fita, ya kai bakin ƙofa, sai ya waiwayo.

"Jibi ƙanen uwargida na tahe da wake daga Lafani. Shi ba ni jin kunyatai awa ta tsoho, zan ɗaga murya. Ka ci abinci kafin mu zo."